Shin Kwamfuta Za Ta Iya Tona Abin Da Ke Ƙasan Zuciya?

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To amma mai karatu, yaya za a yi da labarin da ita kan ta zuciyar ba ta san ta na ɗauke da shi ba? Wasu masana halayyar ɗan'adam a Amurka sun ce sun gano hanyar tono shi.

A 1998, Anthony Greenwald na Jami'ar Washington da abokan aikin sa biyu su ka fito da wani gwaji da ake kira IAT a taƙaice. Shi da Mahzarin Banaji, haifaffiyar Indiya wadda yanzu ta ke Harvard, da Brian Nosek, su ka ɗora shi a intanet, miliyoyin mutane su ka gwada.

Ga yadda abin ya ke. Kwamfuta za ta riƙa watso maka fuskokin baƙaƙe da na farare, haɗe da kalmomi masu daɗi da marasa daɗi, kai kuma ka na rarraba su da maɓallai biyu cikin hanzari. A wani zagaye farar fuska da kalma mai daɗi su na maɓalli ɗaya, a wani kuma sai a sauya, baƙar fuska ta koma tare da mai daɗin. Idan hannun ka ya fi sauri a na farko, ko da da ƙiftawar ido ne, sai a ce a ɓoye ka fi son farare. Haka sakamakon mafi yawan waɗanda su ka gwada ya nuna. Hatta marubuci Malcolm Gladwell, wanda mahaifiyar sa 'yar Jamaika ce, ya faɗa a littafin sa Blink na 2005 cewa shi ma gwajin ya karkatar da shi wajen farare.

Sai dai fa akwai lauje cikin naɗi. Na farko, duk ma'aunin ƙwarai, in ka auna buhu yau, ka sake gobe, abu ɗaya zai ba ka. Shi kuwa wannan, mutum guda ya kan yi shi yau, mako na zagayowa ya samu sakamako daban. Na biyu, a 2013 Frederick Oswald da wasu masana su ka tattara binciken da aka yi, su ka ga dangantakar sakamakon gwajin da yadda mutum ke mu'amala da baƙaƙe a zahiri ba ta taka kara ta karya ba. A 2019 wani nazarin da ya haɗa bincike kusan 500 ya nuna ko an sauya makin mutum, ba lallai halin sa ya sauya ba. Su kan su masu gwajin sun amsa a 2015 cewa bai dace a yi amfani da shi a yanke wa mutum ɗaya hukunci ba.

Na uku shi ne ya fi shafar mu masu kallo da karatu. Shin abin da aka auna ɗin ra'ayin ka ne, ko kuwa abin da ido da kunne su ka saba da shi? Dubi finafinan Indiya da mu ka tashi da su, dubi littattafan mu na soyayya: sau nawa jaruma ta ke zuwa fara sol mai dogon hanci? Wanda ya shekara ashirin ya na haɗiyar wannan, ba mamaki hannun sa ya yi saurin haɗa fari da kyau. Amma sanin waƙa daban, yarda da ita daban.

Kada kuma wani ya ce ashe wariya babu ita kenan. Ina! A binciken da Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan su ka buga a 2004, sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 a Boston da Chicago, wasu da sunayen farare, wasu da na baƙaƙe. Masu sunan farare sun fi samun kira da kashi 50 cikin ɗari. Ka ga nan ba a leƙa zuciyar kowa ba, aiki aka ƙirga, kuma hujjar ta fi ƙarfi.

A gani na, nan ne hatsarin ya ke. In mu ka miƙa wa kwamfuta alƙalancin zukata, za a iya shafa wa mai adalci kashin kaji saboda ɗan jinkirin yatsa, azzalumi kuma ya ci gwaji ya fito ya na bugun ƙirji. Ga kuma mafaka ta samu: “Ai ba da sani na ba ne.” Alhali wanda aka hana aiki ko haya saboda launin sa ko ƙabilar sa, bai damu da sanin ka ko rashin sa ba, haƙƙin sa ya ke nema.

Saboda haka gwajin na da amfanin sa wajen nazarin jama'a da yawa, kuma ya kan sa mutum ya tsaya ya yi wa kan sa tambaya. Amma in ka na son sanin ko ka na da son zuciya, ga gwajin da ba ya buƙatar lantarki: wa ka ɗauka aiki bara, wa ka mayar? Furodusa, wace yarinya ka ba jaruma, wace ka ba 'yar aiki? Marubuciya, wane launi ki ka ba muguwar kishiya? Ku ƙirga, amsa na nan.

Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatan mu.