Laifin Iska ko na Maharbi?

Sau da yawa in maharbi ya harbi barewa ta tsere da rauni, ya komo gida hannu rabbana, sai ka ji ya ce iska ce ta ɓata masa aiki. Abin da za mu duba a nan shi ne, ko wannan hanzari ya isa ya wanke shi.

Da farko dai, ba ƙarya ya yi ba. Barewa da gada da hanci suke tsaron ransu. In mai bin sawu ya ba iska baya, warinsa zai riga shi isa, dabbar da ta kwanta don zafin ciwo ta zabura ta ƙara nisa. Shi ya sa gwani kan watsa ƙura ko toka ya ga inda ta nufa, sa'an nan ya kewaya ya fuskanci iskar. Ga kuma hunturu, mai busowa daga arewa maso gabas tun daga Nuwamba har wajen Fabrairu. Yana busar da ɗigon jini, ya rufe sawu da ƙura, ya watsa warin da kare ke bi.

To, amma duk wannan maharbi ya san shi tun bai ɗana kibiya ba. Gaskiya ne iska na wahalar da mai kayan kara, amma wa ya aike shi ɗaukar kara ranar iska? Iska ba a hannunsa take ba, sakin kibiya kuwa a hannunsa yake. Da zarar ta bar baka, ya ci bashin dabbar: ko ya cim mata ya yanka, ko ta kwana tana nishi kura ta ƙarasa ta. A cikin Risala, Ibn Abi Zaid ya kawo cewa abin da aka harba ya kwana ba a gan shi ba, ba a cinsa, ko da yake akwai sassauci in an tarar da kibiyar a makasa. Ke nan dabba ta sha azaba, nama kuma yana iya tashi a banza.

Wani zai ce ai ƙaddara ce. A ganina, iskar da ta juya bayan an yi harbi ita ce ƙaddara, kuma ba a zargin wanda ya bi jini iyakar ƙarfinsa. Wanda kuwa ya ga ƙura na tashi, rana ta yi yamma, ya saki kibiya duk da haka, wannan ganganci ya yi.

Jama'a, kowannenmu yana da kibiyar da zai saki, ko magana, ko alkawari, ko hukunci. Wanda ba zai iya bin sawu ba, ya bar ta cikin kwari.