Labarin Garin Kaka: A Faɗi Duka Ko a Rage?

A cikin birnin Yawunde, babban birnin ƙasar Kamaru, akwai wata unguwa da ake kira Briqueterie, mazaunanta kuwa sukan taƙaita su ce Brik. Sunan na Faransanci ne, ma'anarsa wurin yin tubali, gama a nan aka riƙa gasa jan bulo a zamanin Jamusawa. Amma wanda ya bi babbar hanyar unguwar da yamma, ya ji ƙanshin tsire da kilishi, ya ga teloli a kan kekunansu, ya ji ana ciniki da Hausa da Fulatanci, ya san zango ya shigo.

Kakannin Hausawan wannan unguwa fatake ne da masu ɗaukar musu kaya. Sun biyo ta Adamawa, ta Ngaundare da Tibati da Yoko, suka haye kogin Sanaga suna neman hauren giwa da goro da danƙo. Jamusawa sun kafa sansaninsu a Yawunde a 1889, ba a daɗe ba baƙin Arewa suka soma sauka kusa da shi. A shekarun 1930 ne Faransawa suka matsar da su zuwa inda suke yanzu. Yaran da ke wasa a lungunan Brik yau jikoki ne da tattaɓa-kunne. Da Faransanci suke karatu, da yawansu kuma ba su taɓa ganin rumbun gero ba. Abin da suka sani game da ƙauyen da kakansu ya fito, a bakin tsofaffi suka ji shi.

To, a nan tambaya take. In tsohuwa ta zauna za ta ba jikokinta labarin garinsu na asali, wajibi ne ta faɗi duka, ko tana da iko ta zaɓi mai daɗi ta bar mai ɗaci?

Mai daɗin ba ya wuyar faɗi. Akwai gandun gida inda uba da 'ya'yansa maza ke noma tare, akwai gayya, akwai kalankuwa bayan kaka, da dambe, da wasan 'yan mata a dandali a farin wata. Duk gaskiya ne. Sai dai yaro mai wayo yakan yi tambayar da ba a so: in garin yana da daɗi haka, me ya fitar da Kaka? Mutum ba ya barin gonar ubansa ya yi tafiyar watanni a ƙafa, da kaya a ka, don marmari kawai. Wasu riba ce ta ja su. Wasu kuwa harajin da ya tsananta bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903 ne ya kore su, wasu yunwar Kakalaba ta 1914, wasu bashi, wasu rigimar gado. Akwai kuma waɗanda suka fito daga rinji, wato ƙauyen bayi, gama sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. Ga irin waɗannan, nisan Yawunde shi ne amfaninta: wurin da ba wanda ya san ubangijinka.

Masu cewa a rage suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Har yanzu akwai gidajen da ke binciken asali kafin su ba da 'ya, kalma ɗaya kuwa tana iya rushe baiko. Mutumin da ya gudu daga wani suna ya sha wahala don kada 'ya'yansa su gaje shi. Ashe ba cin amanarsa ba ne a tono abin da ya binne da hannunsa? Rufin asiri abu ne mai daraja a wurin Bahaushe, har addu'a ake yi a kansa.

Amma rufin asiri daban, ƙarya daban. Tsohuwar da ta ce wa yaro ɗan shekara 8, "Bari sai ka girma," ta ajiye masa gadonsa ne. Wadda kuwa ta ce masa kakansa ɗan sarki ne da aka hana sarauta, alhali ɗan dako ne, ta ƙwace masa kakansa na gaske ta ba shi wanda bai taɓa rayuwa ba. (Abin mamaki, da za a ƙidaya 'ya'yan sarakunan da ake cewa sun yi fushi sun bar gida a zangunan Afirka ta Yamma da Kamaru, da sun fi talakawan da suka mulka yawa.) Ɓarnar ba ta tsaya a kan yaron ba. Wanda ya tashi yana jin shi jinin sarauta ne, shi ne gobe zai hana 'yarsa auren ɗan maƙwabci saboda asali, bai sani ba hanya ɗaya kakanninsu suka biyo, wataƙila ma kaya ɗaya suka ɗauka. Kuma an tauye wa mamacin haƙƙinsa. Mutumin da ya iso bakin Sanaga ba shi da komai sai ƙarfin wuyansa, ya mutu ya bar gida da sana'a, ya yi abin da ya fi gadon rawani wuya.

A Ingila, tun 1538 aka umarci kowace majami'a ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Saboda haka Baturen da ke neman tarihin ƙauyensu yana iya buɗe littafi ya ga abin da iyayensa ba su faɗa masa ba, ko yana so ko ba ya so. Yawancin gidajen Hausawa ba su da irin wannan littafi. Sunan gari a bayan sunan mutum, da zanen fuska wanda yanzu an kusa daina yi, da bakin tsohuwa, su ne rajistar. Shi ya sa nauyin da ke kanta ya fi na Bature. In ta canza labari, babu takardar da za ta gyara shi bayan ranta.

An taɓa samun wadda ta faɗi duka. Baba, mutuniyar Karo ta ƙasar Kano, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi da Turanci a 1954. Ta yi zancen bukukuwa da wasanni da ƙawance, ta kuma yi zancen bayin gidansu, da mahara masu kama mutane, da yadda aka kama 'yan'uwanta sai da aka fanso su, da aurarrakinta, da rashin haihuwarta. Ba wanda ya karanta ya raina ta. Don ta faɗi mai ɗacin ne aka yarda da mai daɗin.

Akwai wani ragi kuma da ake yi a zango ba tare da an lura ba. Ana bin asali ta wajen uba, sai a ce gidan Kanawa ne ko Katsinawa ne, a manta cewa fatake da yawa ba su zo da mata ba. A hanya suka yi aure, ko a inda suka sauka. Yaro zai iya kawo sunan ƙauyen da bai taɓa gani ba a ƙasar Katsina, amma bai san kakarsa ta haifi uba Bavute ce daga wajen Yoko, ko Ewondo ce daga ƙauyen da mota ke kaiwa cikin awa ɗaya ba. Danginta suna nan da rai, wataƙila a kasuwar Mokolo yake sayen rogo a hannunsu, suna yi wa juna kallon baƙi.