Mai Sayar Da Abinci: Shin Kyakkyawar Niyya Ta Wadatar?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Makonni kaɗan da suka wuce, bayan sallar la'asar, wata dattijuwa ta sa jikanta ya yi mini sallama a ƙofar gida. Shinkafa da miya da soyayyen kifi take sayarwa a bakin ruwa nan Wara, ta fi shekara ashirin tana yi. Ta ce ranar kasuwa mutum uku da suka ci abincinta da yamma sun kwana suna amai da gudawa, har da yaro ɗan shekara biyar wanda sai da aka yi masa ƙarin ruwa. Shinkafar tun hantsi ta dafa ta, ta rufe a kula. Sai ta ce: "Allah gafarta Malam, ni ban zuba wa kowa komai ba, kuma Allah ya san ban nufi kowa da sharri ba. Ina da alhaki?"

Ban ba ta amsa nan take ba, na ce ta ba ni kwana biyu. Tambayar ta shafi mai shayi da mai tsire da mai fura da mai banda, har da matanmu da suke dafa abincin biki da na suna. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na fahimta a nan.

Maganar niyya gaskiya ce. Wanda bai yi nufin cuta ba, ba a haɗa shi da wanda ya yi ganganci. Amma malamanmu sun raba abu biyu: zunubin ganganci daban, lamunin ɓarna daban. Wanda ya fasa tulun maƙwabcinsa bisa kuskure ba shi da zunubi, amma zai biya tulu. Sannan jahilci ma iri biyu ne. Akwai wanda mutum ba shi da hanyar kawar da shi, wannan ana yi masa uzuri. Akwai kuma wanda ilimin yana nan kusa, mutum ya ƙi nema. Tun muna yara aka karantar da mu a Ahalari cewa bai halatta mutum ya aikata wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa. Mun taƙaita wannan ga alwala da sallah, alhali ya haɗa da sana'a. Tirmizi ya ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya hana wanda bai fahimci hukunce-hukunce ba yin ciniki a kasuwarsu. Abu Dawuda kuma ya ruwaito hadisin da ya ɗora lamuni a kan wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba. To abin da mai abinci yake miƙawa, cikin mutum yake shiga kamar yadda magani yake shiga.

Wani zai ce, girki ma sai an koya wa mace? Iya girki daban, sanin abin da ke sa abinci ya zama cuta daban. Ilimin kuma ba mai yawa ba ne. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye ba tare da yana kan wuta ko cikin sanyi ba, domin ɗumi-ɗumin nan na kula shi ne yanayin da ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa, kuma sau da yawa abincin ba ya canza wari ko ɗanɗano. Wuƙa da faranti da aka gyara ɗanyen kifi da su, ba a taɓa dafaffe da su sai an wanke da sabulu. Ruwan bakin tafki, inda ake wanka da wanki kuma shanu suke sha, ba na wanke kwano ba ne balle na dama kunu, sai an tafasa ko an sa masa maganin tsabtace ruwa. Bokiti ɗaya da aka wanke kwano hamsin a ciki ya zama miya ta biyu. Wanda yake fama da gudawa ya haƙura da taɓa abincin mutane har ya warke. Wannan duka a zama ɗaya za a iya koyar da shi.

Kada mu raina abin. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ta nuna kusan mutum miliyan 600 ne suke kamuwa da rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 suna mutuwa, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Nahiyarmu ta Afirka ta fi kowa ɗaukar nauyin. A 2021 kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Kebbi tana cikin jihohin da abin ya shafa. A shekarar nan dai, a Kano, ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti wasu suka rasu bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen ɗan tsami. Matan da suka haɗa lemon nan a gidajensu, da yawansu neman halal suka fito, ba su san abin da suka saya ba.

Sai maganar gwajin lafiya, wanda ma'aikatan duba-gari suke neman masu abinci su yi lokaci-lokaci. Dattijuwar nan ta ce mini: "Ni lafiyata ƙalau, me za a gwada?" Na ba ta labarin wata mai dafa abinci a birnin New York na Amurka mai suna Mary Mallon. Kusan duk gidan da ta yi aiki sai zazzaɓin taifot ya ɓulla, ita kuwa garau take. A 1907 aka gano tana ɗauke da ƙwayar cutar a jikinta ba tare da ta kwantar da ita ba. Aka killace ta, a 1910 aka sake ta bisa alƙawarin ba za ta koma girki ba. Ita ba ta yarda tana da wata cuta ba, sai ta canza suna ta koma. A 1915 aka same ta tana girki a wani asibitin haihuwa, mutum 25 sun kamu, 2 sun mutu. Kafin a gaya mata, tana da uzuri. Bayan an gaya mata, uzurin ya ƙare. Nan ne iyakar da nake so mu gane.

Akwai kuma abin da ya wuce jahilci, kuma dole in faɗe shi tunda a bakin ruwa muke. Kifin banda da ake lodawa a kwali daga Yauri da Wara zuwa kudu, ƙwari suna cin sa, asara ce ta gaske ga mai shi. Amma wasu maganin ƙwari suke yayyafa masa, fiya-fiya ko makamancinsa, kamar yadda wasu suke zuba Gamalin a ruwa don kifi ya taso. Irin sinadarin fiya-fiya ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannunsa cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa. Mutumin ya ce ruwan sama ne, sai Annabi ya tuhume shi a kan me ya sa bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, kuma ya barranta daga mai ha'inci. Wancan ruwan sama ne kawai, ina ga guba? Ga ma'auni mai sauƙi: idan ka ware wani kifin daban don iyalinka, wanda ba ka yayyafa wa komai ba, to ka riga ka yanke wa kanka hukunci.

Masu cewa duba masu abinci al'adar Turawa ce, su koma littattafan hisba. Shaizari, malamin Sham na ƙarni na 6 bayan hijira, a littafinsa Nihayatur Rutba ya yi bayanin cewa mai kwaɓa burodi ya rufe bakinsa saboda atishawa, ya ɗaure goshinsa kada gumi ya ɗiga a kwaɓin, masu suyar kifi kuma su riƙa wanke kayan aikinsu kullum. Muhtasibi ne yake zagayawa yana dubawa. Wato tun kafin a san ƙwayar cuta da madubin likita, Musulmi sun ɗauki wannan a matsayin haƙƙin jama'a.

Amma fa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙorafin masu abinci a kan takardar shaida ba duka ne son zuciya ba. Matar da jarinta bai wuce na tiya biyu ta shinkafa ba, a ce ta bar kasuwa ta yi kuɗin mota da kuɗin gwaji da kuɗin takarda, wannan nauyi ne. Kuma duk inda takarda ta zama abin saye, wanda ya biya a ba shi ko ba a gwada shi ba, to ta tashi daga kariya ta koma haraji. Wanda ya sa hannu cewa ya gwada mutum alhali bai gwada ba, shaidar zur ya yi, kuma tana cikin manyan zunubai. Wanda ya saya yana sane shi ma abokin tarayya ne. Takardar ƙarya ta fi rashin takarda muni, domin tana sa mai saye ya saki jiki.

Tsarin mulkin ƙasa ya ɗora kula da gidajen abinci da gidajen burodi da sauran wuraren sayar da abinci a kan ƙananan hukumomi. Wanda aka ba ikon hanawa, an ɗora masa nauyin koyarwa. Abin da nake gani shi ne a fara da ilimi kafin tara: a zo kasuwa a koyar da Hausa, da harsunan mutanenmu Kambari da Gungawa da Lopawa inda ake buƙata, ta hannun sarkin kasuwa da sarkin ruwa da shugabannin mata. A sauƙaƙa kuɗin gwaji yadda mai ƙosai za ta iya. Wanda gwaji ya nuna yana da cuta a taimaka masa da magani, a rufa masa asiri, ya warke ya koma sana'arsa. Idan gwaji yana nufin rasa abinci har abada, kowa zai gudu, kamar yadda Mary ta gudu. Masu hali a cikinmu kuma, biya wa zawarawa goma kuɗin gwaji sadaka ce da amfaninta zai kai ga duk wanda ya ci daga tukunyarsu. Mu limamai ma muna da laifi, mun yi huɗuba a kan tauye mudu sau da yawa, amma sau nawa muka yi a kan ruwan wanke kwano?

Da dattijuwar ta dawo, ga abin da na ce mata: "Inna, ba ki da zunubin ganganci, kuma ina fatan Allah ya yi miki uzuri a kan abin da ba ki sani ba. Amma ki je ki duba yaron nan, ki nemi afuwar iyayensa, ki taimaka da abin da ya sawwaƙa na kuɗin magani. Daga yau kuma kin sani, kuma hukuncin wanda ya sani daban ne." Ta ce ai ciwo da lafiya duk na Allah ne. Na ce haka ne, amma wanda ya tambayi Annabi (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, umartarsa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Yanzu sau biyu take girki ranar kasuwa, da safe da kuma bayan azahar. Itacen ya ƙaru, ribar ta ɗan ragu, ta kuma ce mini gwajin ma za ta je idan ta haɗa kuɗin.

Ɗan uwa mai abinci, wanda ya miƙo maka kuɗi ya karɓi kwano bai ga lokacin da ka dafa ba, bai ga ruwan da ka yi amfani da shi ba, bai san lafiyarka ba. Amana ya ba ka, kuma za a tambaye ka a kanta. Ka nemi ilimin sana'arka, ka yi gwajin na gaskiya.

Allah ya sa wa sana'o'inmu albarka, ya ciyar da mu halal mai tsarki, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wallahu a'alam.