Hukuncin Ajiye Hatsi Sai Ya Yi Tsada

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, ina zaune a Nassarawa GRA, Kano. Duk kaka nakan sayi masara da gero a Dawanau in zuba a sito, sai damina ta yi nisa in fitar. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, ribar ta ƙaru sosai. Sai dai hankalina bai kwanta ba, balle da hukumar yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta garƙame wasu sito-sito a Dawanau cikin Fabrairun 2024 bisa zargin ɓoye abinci. Shin ribar nan halal ce?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Alhaji, ajiya kanta ba laifi ba ce. Annabi Yusuf ya tara hatsin shekara 7 a Masar, mutane suka tsira da shi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Kuma da babu masu saye da kaka, da manomi ya karyar da amfaninsa, ga Agusta ta zo rumbu ya ƙare, babu mai fitarwa.

Abin da aka haramta shi ne ihtikari, wato kwashe abin da jama'a ke buƙata daga kasuwa a ƙi sayarwa don ya yi tsada. Muslim ya ruwaito daga Ma'amar ɗan Abdullahi cewa Annabi (SAW) ya kira mai yin haka mai zunubi. A mazhabar Malikiyya ma'aunin shi ne cutarwa. In ka saya lokacin yalwa, sayenka bai ɗaga farashi ba, ribarka halal ce. In kuwa kana tare motoci kana kwashewa alhali kasuwa na ƙamfa, ko kun haɗa baki da wasu 'yan kasuwa ku ƙi fitarwa, wannan haramun ne.

Ko wanda ya saya ta hanyar halal, hukuncinsa yana sauyawa idan yunwa ta shigo. A nan hukuma na da ikon tilasta masa ya sayar a kan farashin kasuwa, ba wai ta ƙwace masa ba. Tsadar da manufar gwamnati ta haifar ba kai za a tambaya a kanta ba, amma makullin sitonka a hannunka yake. Ranar da ka ga uwa mai 'ya'ya ta zo awo ta koma da rabin kwano, wa'adin ajiyarka ya cika. Ka fitar kashi-kashi, ka yi rangwame.

Kada ka manta da zakka. Mai jiran farashi irinka, a Malikiyya, yana fitar da 1 cikin 40 na kuɗin idan ya sayar, matuƙar sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo wa jarin.

Wallahu a'alam.