GUBAR DA TA KOMO WA MAI ITA: WA KE DA ALHAKIN CUTAR DA TA BAYYANA BAYAN SHEKARU?



Ya ku ƴan'uwa, mas'alar da muke son dubawa a wannan fitowa mas'ala ce ta lamuni. Idan mutum ya sari wani da takobi, jini ya zuba a gaban shaidu, alƙali ba ya shan wahala wajen sanin mai laifi. To, ina hukuncin wanda ya shaƙi guba ba da saninsa ba, ya koma gida lafiya lau, ya yi aure, ya hayayyafa, sai bayan shekara 15 ko 20 ciwon daji ya kama shi? Wa za a tambaya? Wa kuma zai kawo shaida alhali shekaru sun shafe sawu? Wannan al'amari ya auku ga dubban mazan jiya, kuma mafi shahara daga cikinsu su ne sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam.

Ku sani, Biyetnam ƙasa ce mai duhun kurmi, mayaƙanta kuwa a cikin kurmin suke ɓuya. Sai hafsoshin Amurka suka yanke shawarar kashe kurmin kansa. Daga 1962 zuwa 1971 jiragensu sun fesa fiye da lita miliyan 70 na maganin kashe tsiro a kan dazuka da gonaki da bakin koguna. Fiye da rabin abin da aka fesa shi ne wanda ake kira Agent Orange, sunan kuwa ya samo asali daga zane mai launin ruwan goro da ake yi wa tanon da ake zuba shi. Haɗi ne na magunguna biyu, kuma wajen sarrafa ɗaya daga cikinsu wani dafi yana samuwa a ciki, sunansa diyoksin. Shi wannan dafi ba ya saurin narkewa. Idan ya shiga jikin ɗan Adam yakan maƙale a cikin kitse, sai an yi shekara 7 zuwa 11 kafin rabinsa ya fita. Sojojin da suka ɗura shi a jirage da hannunsu, da waɗanda suka kwana a dajin da aka fesa, suka sha ruwan ƙoramunsa, an gaya musu magani ne na ciyawa, ba ya cutar da mutum. An dakatar da amfani da shi a 1970, bayan gwaji a kan ɓeraye ya nuna yana naƙasa ƴaƴa a cikin ciki.

Wani saurayi mai suna Paul Reutershan, wanda ya yi aiki a jirgi mai saukar ungulu, ya sha ratsa hazon feshin nan a sararin sama. Shi ne ya fara kai ƙara, kuma ciwon daji ya kashe shi a 1978 yana da shekara 28. Amma labarin da ya fi dacewa mai hankali ya tsaya a kansa shi ne na gidan Zumwalt. Admiral Elmo Zumwalt shi ne shugaban sojojin ruwan Amurka a Biyetnam daga 1968 zuwa 1970. Ana yi wa ƙananan jiragensa kwanton ɓauna daga cikin duhuwar bakin ruwa a yankin kogin Mekong, ana kashe masa mutane da yawa, sai ya ba da umurni a fesa maganin a gaɓar kogunan. Daga cikin samarin da ke jan waɗannan jirage har da ɗansa na cikinsa, wanda shi ma sunansa Elmo. A 1983 aka gano ɗan yana da sankarar kaluluwa, bayan shekara 2 wata irin sankara ta biyu ta bayyana, ya mutu a 1988 yana da shekara 42. Uban ya yarda cewa umurninsa yana da hannu a cikin abin da ya sami ɗansa, amma ya ce ko da za a mai da shi wancan lokaci haka zai sake yi, domin share gaɓar ya tsirar da rayuka masu yawa. Daga baya ya zama cikin masu matsa wa gwamnatinsa lamba, har ya rubuta mata rahoto a 1990 yana danganta maganin da cututtuka masu yawa.

Wani zai ce: ai ajali ne, kowa da kwanansa, cuta kuma daga Allah take. Sai mu ce: gaskiya ne, babu rai da ke fita sai da izinin Mahaliccinsa. Sai dai wanda aka kashe da wuƙa shi ma da ajalinsa ya mutu, amma Shari'a ba ta saki mai wuƙar ba. Imani da ƙaddara magani ne ga zuciyar wanda musiba ta sama. Idan wanda ya haddasa musibar ya ɗauke shi ya mai da shi garkuwa, to, ya sanya gaskiya a inda ba muhallinta ba. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham sa'ad da ya ji annoba ta sauka can, kuma ya bayyana cewa gudun nasa ma yana cikin ƙaddarar Allah. Wanda ya fahimci haka ba zai yarda a rufe bakin maraya da kalmar ajali ba.

Hujjar Admiral ta fi wannan ƙarfi, kuma bai kamata mu raina ta ba. Shugaban yaƙi yana ganin gawawwakin yaransa yau, cutar da za ta zo bayan shekara 15 kuwa ba ya ganinta. Malamanmu na Malikiyya ma sun halatta sare itatuwan abokan gaba idan maslahar yaƙi ta bukaci haka, ko da yake Sayyidina Abubakar ya yi wa rundunar da ya tura Sham wasiyya da kada su sare itace mai ƴaƴa. Amma akwai wani wuri a babin jihadi na Muhtasar na Shaihu Halil da ɗalibai kan wuce shi da sauri: ya haramta harbin abokan gaba da kibiya mai dafi. Daga cikin dalilan da masu sharhi suka kawo akwai tsoron kada a tsinci kibiyar a maido ta a kan wanda ya harba. Ku dubi wannan hangen nesa. Su suna maganar kibiya guda ne, wadda hannu zai iya ɗauka ya maido. Ina ga gubar da aka watsa a iska da ruwa da ƙasa, wadda ba ta san tuta ba, ba ta tambayar wa ya aiko ta?

A nan wajibi ne a rarrabe abu biyu da mutane ke cakuɗawa, wato zunubi da lamuni. Rashin sani yana iya ɗauke zunubi, amma ba ya ɗauke biya. Wanda ya kashe rai bisa kuskure ba a kashe shi, amma diyya ta wajaba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya aika a kira wata mace, tsoro ya kama ta har ta yi ɓari. Wasu sahabbai suka ce babu komi a kansa, tun da shi shugaba ne mai ladabtarwa. Sayyidina Aliyu ya ce a'a, diyya ta hau kansa, domin shi ya firgita ta, Umar kuwa ya karɓa. Idan aike kawai ya jawo wa Halifa biya, ina ga hukumar da ta ɗauki yaro daga hannun uwarsa, ta tura shi daji, ta yi masa ruwan dafi a ka? Soja ba ya da ikon cewa ba zan shiga ba. Wanda ya karɓe wa mutum zaɓinsa, ya ɗauki amanar jikinsa ke nan. Saboda haka ko da mun karɓi uzurin Admiral game da niyyarsa, haƙƙin ɗansa da na abokan ɗansa yana nan a wuyan hukumar da ta tura su.

Wanda ya sani kuma ya ɓoye, hukuncinsa dabam ne. Takardun da suka fito a gaban kotu sun nuna cewa tun 1965 kamfanin Dow Chemical ya tara wasu masu sarrafa maganin domin tattauna haɗarin diyoksin da ke cikinsa, feshi kuwa ya ci gaba shekaru bayan nan. Ɓoye aibin haja haramun ne ko da a cinikin akuya. A 1984 kamfanoni 7, cikinsu har da Dow da Monsanto, suka yi sulhu da tsofaffin sojojin a kan dala miliyan 180, ba tare da sun amsa laifi ba. Kuɗin yana da girma a kunne, amma da aka raba wa mutum wajen 52,000, abin da kowa ya samu a tsakaice bai kai dala 4,000 ba. Gwamnati kuwa ba ta shiga biyan ba, domin tun 1950 babbar kotun ƙasar ta hana soja ƙarar gwamnati a kan cutar da ta same shi a bakin aiki.

Yanzu ga wurin da mas'alar ta fi wuya. Ƙa'ida sananniya ita ce mai da'awa shi ke kawo shaida. Ciwon daji kuwa ba ya zuwa da hatimin wanda ya aiko shi. Yana kama wanda bai taɓa ganin filin daga ba, taba tana jawo shi, tsufa yana jawo shi, gado ma yana da nasa rabo. Likita yana iya cewa cutar ta fi yawa a cikin jama'ar da ta taɓa dafin, amma ba zai iya rantsuwa a kan mutum guda cewa wannan dafin ne ya kashe shi ba. Da wannan ƙofa aka yi ta korar masu neman haƙƙi shekara da shekaru, ana ce musu su kawo shaida, alhali ba a rubuta wa kowane soja inda ya kwana da abin da ya shaƙa ba, takardun feshin kuma suna hannun wanda ake ƙara.

Fiƙihunmu bai bar irin wannan wuri a buɗe ba. Imamu Malik ya lamuntar da masu sana'a, kamar maɗinki da marini da maƙerin azurfa, a kan kayan mutane da suka ɓace a hannunsu a bayan idon mai su, sai fa in sun kawo shaidar cewa ba sakacinsu ba ne. An juya nauyin shaida ke nan zuwa ga wanda abin ya faru a ɗakinsa, domin shi kaɗai ke iya sanin yadda aka yi. Haka kuma a babin ƙasama: idan an bugi mutum, ya yi kwanaki yana jinya sannan ya mutu, ba a cewa magadansa sai sun buɗe cikinsa sun nuna hanyar da dukan ya bi, alama mai ƙarfi tare da rantsuwa 50 ta isa. Ban ce mas'alolin ɗaya ne ta kowace fuska ba, amma ruhin hukuncin a fili yake: tazarar lokaci tsakanin duka da mutuwa ba ta wanke mai duka.

Abin mamaki, bayan doguwar jayayya inda majalisar Amurka ta isa ke nan. Dokar 1991 ta ce duk wanda ya yi aiki a ƙasar Biyetnam a shekarun yaƙin za a ɗauka ya taɓa dafin, kuma in ya kamu da ɗaya daga cikin cututtukan da aka lissafa za a biya shi ba tare da ya tabbatar da sababi ba. Aka ɗora wa majalisar masana kimiyya ta ƙasar ta riƙa bitar bincike. Suka sami hujja isasshiya game da sankarar kaluluwa, da wata sankarar jini, da sankarar tsoka; game da ta huhu, da ta ɓargo, da ta furostat mai kama dattawa maza, suka ce akwai alama amma ba ta kai ƙarfin ta farko ba, duk da haka aka sa su a lissafi. A 1997 cibiyar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya wannan nau'in diyoksin cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam sankara. Sankarar mafitsara sai a 2021 aka ƙara ta, shekara 50 bayan feshin ƙarshe. Ku ƙidaya waɗanda aka rufe kafin nan. Dokar 2022 kuma ta bi wannan hanya game da sojojin da suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a sansanonin Iraƙi da Afganistan.

Wani zai ce: ashe za a biya wanda da ma zai kamu da cutar ko bai je yaƙi ba, dukiyar baitulmali kuwa amana ce. Haka ne, za a biya wasu irin waɗannan. Amma kuskure biyu ne a gabanmu, ba makawa sai an faɗa ɗaya: ko a ba wanda bai cancanta ba, ko a hana wanda aka cuta. Ni a ganina na farko ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, balle ma wanda ya gurɓata ruwan har aka kasa ganin ƙasansa shi ya fi cancanta ya ɗauki asarar rashin gani.

Mu ma nan ba mu yi nisa da irin wannan ba. A ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggan, cikin Saharar Aljeriya, ta kuma yi gwaji 17 a can zuwa 1966. Wannan tururin nukiliya ne, ba maganin feshi ba, amma tambayar ɗaya ce. Sai a 2010 ta yi dokar biyan diyya, kuma mutanen hamada da suka amfana da ita kaɗan ne ƙwarai.

Haka abin yake ga manoman Biyetnam, waɗanda aka fesa wa gonakinsu, suka ci kifin tafkunan da dafin ya kwanta. Hukumar da ta yarda cewa dafin ya cuci sojanta da ya yi shekara guda a ƙasar, da wane baki za ta ce bai cuci wanda aka haifa ya tsufa a cikinta ba? Ƙarar da suka shigar a New York a 2004 an kore ta a 2005. Wata dattijuwa mai suna Tran To Nga ta kai kamfanonin ƙara a Faransa a 2014. Kotu ta ce ba ta da hurumi a 2021, kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta tabbatar da haka a 2024. Daga cikin abin da Amurka ta yarda ta yi akwai wanke ƙasa: an gama aikin filin jirgin saman Da Nang a 2018, an fara na Bien Hoa a 2019, inda aka tara tanon maganin a lokacin yaƙi, kuma gurɓatacciyar ƙasar da ke can ta ninka ta Da Nang sau da yawa.