Wutar Kainji da Haƙƙin Maƙwabci

Wani mai Keke Napep a majalisarmu ta Rafin Guza ya rantse cewa tsakanin ƙasa da ƙasa babu alheri, sai ciniki. Abin da ya tayar da zancen shi ne labarin da jaridu suka kawo a Maris 2025, cewa fetur ya yi wuya a Nijar har Najeriya ta tura mata tankoki. "Mu da matatarmu ke barci a ƙetaren kogi," in ji shi, "mu ne masu kyauta?"

Yana da rabin gaskiya. A yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, shugaban Nijar Diori Hamani ya tsaya bayan Gowon, alhali Faransa ta karkata ga Biyafara. Da aka ajiye makamai, ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa a 1971, daga baya wutar Kainji ta fara haska Yamai. Lissafin ba ɓoyayye ba ne: kogin Kwara sai ya ratsa Nijar kafin ya iso mana, in ta datse shi, injinan Kainji su ji a jikinsu. Ko Turawa ba su yi wa juna kara ba. Yaƙin duniya na ƙarewa a 1945, Amurka ta yanke wa Ingila tallafi, ta ba ta bashin dala biliyan 3.75, sai a 2006 aka gama biya.

Ni dai riba ba ta dame ni ba. Allah ya halatta ciniki. Tambayata ita ce, abin da rayuwar maƙwabci ta rataya a kansa, ya halatta ka riƙe shi ranar da ka yi fushi? Bayan juyin mulkin Yulin 2023 mun katse wa Nijar wuta. Sojan da aka yi domin shi yana da janareto. Tela da mai ƙanƙara da majinyaci su suka kwana a duhu.

Malaman sira sun kawo cewa da Sumama bin Usal ya musulunta, ya hana hatsin Yamama zuwa Makka. Yunwa ta ci Ƙuraishawa, suka aika wa Annabi (SAW) suna roƙo da zumunci, ya umarci Sumama ya saki hatsin. Waɗannan fa mutanen da suka kore shi ne daga garinsu, ba abokan ƙawance ba. Mu kuwa, da mutanen Maraɗi da muke auratayya da su, sai a Maris 2024 aka ba da umarnin mayar musu da wutar.