Wasan Ƙanƙara da Haƙƙin da Ke Kanka

Ya ɗan'uwa matashi, ka tara kuɗi za ka Dubai wasan zamiya a gidan ƙanƙarar da aka buɗe a 2005. Ka ce ai halalinka ne. To, ba mu ce tafiyar haramun ce ba. Amma zauna ka yi lissafi. In dukiyarka ta isa kai ka Makka, Hajji ya hau kanka, shi ne farko. In ba ta isa ba, waiwayi Kurfi da Dutsin-Ma, ga waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu. Biya bashi, ka sauke haƙƙin iyaye da maƙwabci, sannan nishaɗi ya biyo baya. Allah Ya sa mu gane.